Bayan "Da Sauƙi" Ki Ce "Amma"

Daga Argungu, zuwa ga Uwata kuma ɗiyata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai nauyin buhun shinkafa da tsawon gulbin Rima, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin kariya da natsuwa a gidan gwaggonki Hassi da ke Gwadangaji, inda kika sauka don karatu. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya kiyaye ki a hawan keke da saukarsa, Ya raba ki da sharrin hanya da na mai tuƙin ganganci. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta kuma umarce ni da in taƙaita. Na karɓi umarnin da hannu biyu, na ajiye shi gefe cikin girmamawa.

Mai rubuta miki shi ne Sahabi, manomin albasa a fadamar Gulma, wanda ya riƙe muƙamin Babban Kakakin Harkokin Sukari na gidanmu tun kina 'yar firamare, ba tare da zaɓe ko naɗi ba. Wannan takarda ita ce murabus ɗinsa. Tun da sunan mahaifiyata kika ci, ban taɓa iya kallon idonki in yi miki faɗa ba, domin ɗa ba ya zaunar da uwarsa ya ce mata ta saurara. Shi ya sa na fake a bayan alƙalami. Kada kuma ki ce tsufa ne ya sa ni wa'azi. Furfurar da ke kaina ba ta isa a kira ta taro ba tukuna.

Ga mas'alar da ke gabanmu. Ranar Talata mai zuwa za ki shiga sashen manya na asibiti a Birnin Kebbi a karon farko, da ƙafarki, da bakinki, babu ni. Sista Kulu, wadda ta duba ki a sashen yara na nan Argungu tun ranar da aka gano ciwon, ta rufe fayil ɗinki ta miƙa shi gaba. Ta gaya mini wata magana da ta hana ni sukuni. Ta ce tsakanin ƙofar yara da ƙofar manya akwai wani fili da matasa ke ɓacewa a cikinsa: sukan bar wannan, ba su isa waccan ba, sai dai a sake ganinsu ranar da aka kawo su ranga-ranga. Ba na so ki ɓace a filin nan. Ina so ki isa, in kin isa kuma ki faɗi gaskiyar jikinki. Duk abin da zai biyo baya sharhi ne a kan wannan.

Kuskurena na farko shi ne na zama bakinki. Ranar da aka ce kina da ciwon sukari, irin wanda ke kama yara, wanda babu makawa sai da allurar insulin kullum, na fito daga ɗakin likita ina lissafin abin da zan iya yi miki. Ba ni da ilimin magani, ba ni da dukiya. Abin da Allah Ya hore mini shi ne baki, sai na ɗauke shi makami. Duk zuwanmu asibiti Sista Kulu za ta sunkuyo ta ce, "Shafa, yaya jiki?" Kafin ki motsa leɓe na riga na gabatar da jawabi mai muƙaddima da gundari da kammalawa. Ke kuwa kanki na ƙasa kina murza bakin hijabi. Ni a wurina tarbiyya ce: ɗiyar Kabawa ba ta magana babba na tsaye. Sau da yawa Sista takan ce, "Malam Sahabi, wa anka kawo min, kai ko ita?" Sai in yi dariya in ce, "Ranki ya daɗe, ai wakili kamar mai shi ne." Ashe wakili ba ya jin jiri a madadin kowa.

Don haka, Uwata, kunyar da muka koya miki ki riƙe ta a gidan biki da gaban manya, amma ki tuɓe ta a ƙofar likita kamar yadda ake tuɓe takalmi a ƙofar masallaci. In kin fito za ki same ta inda kika bar ta. Likitan manya bai san ki ba. Ba zai sunkuyo ba, ba zai kira ki Shafa ba, kuma akwai dogon layi na jiran sa a waje. Abin da kika faɗa masa shi ne abin da ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan naki ne.

Kuskure na biyu ya fi na farko ƙasaita, domin ya haɗa da fasahar zamani. Da kika doshi shekarun barin sashen yara, aka kawo tsarin nan na waya: manhajar da ke tuna wa mutum lokacin allura, a shigar mata da sakamakon gwajin jini, ita kuma ta riƙa aiko da tambayoyi, amsoshin su tafi wurin ma'aikatan asibiti. Sista ta yi bayani dalla-dalla cewa an yi ta ne domin matashi ya koyi riƙe kansa kafin a sake shi. Ta ce a ba da lambar yarinya. Na miƙe, na gyara zaman hula, na karanto tawa. Ta ce, "Ta Shafa ce?" Na ce, "Ta gida ce," wanda a fiƙihuna ba ƙarya ba ne. Hujjar da na ba mahaifiyarki ita ce waya a hannun budurwa fitina ce. Hujjar da ban ba kowa ba ita ce ina tsoron ranar da ba za a buƙace ni ba.

Haka na zama ke a hukumance. Ina tsakiyar fadama, laka har gwiwa, injin ban ruwa na ruri, sai waya ta yi ƙara: "Shafa'atu, yaya jikinki yau?" Sunan da bakina ba ya iya furtawa saboda girman mai shi, ga yatsana na amsa shi kullum. Sai in goge hannu a wando in rubuta, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ta ce, "Kin ji jiri ko rawar jiki a makon nan?" In rubuta, "Babu komai sai godiya." Ban tambaye ki ba, ban ma ga dalilin tambaya ba. A ƙasar nan wa ya taɓa amsa "yaya jiki" da wani abu ban da "da sauƙi"? Kakanki yana kwance sai an juya shi, amma in an gaishe shi "da sauƙi" yake cewa, kuma da ita a bakinsa ya koma ga Mahaliccinsa. Mun ɗauke ta rabin imani. Wanda ya ce "da tsanani," sai a dube shi kamar ya kai ƙarar Ubangijinsa.

Ban tsaya nan ba. Lambobin da mita ke nunawa in kin soki yatsa, da yamma nake karɓa in shigar. In lamba ta yi kyau, in shigar da ita cikin alfahari. In ta hau sama, sai in yanke hukuncin cewa ba ta dace da martabar gidanmu ba, in tsallake ta. Wata rana ma in ɗan rage mata tsawo kamar tela. Albasa nake sayarwa, Uwata. Hannuna ya saba ɗora manya a bakin buhu.

Asiri ya tonu ranar gwajin nan na bayan 'yan watanni, wanda ke nuna yadda sukari ya zauna a jini tsawon lokaci, wanda kuma ba ya amsa gaisuwa. Kina nan, amma bari in maimaita miki domin tarihi. Sista Kulu ta dubi takardar, ta dubi kwamfutarta, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam Sahabi, in munka bi wayar ga, ɗiyarka ta hi ni lahiya."

Na ce, "Masha Allah."

"In munka bi jinin ga kuwa, ba haka ba ne. Ɗayansu na ƙarya, kuma jini bai iya rubutu ba." Ta juya wurinki. "Shafa, ina wayar?"

Aljihuna ne ya amsa, domin lokacin tunin allura ya yi daidai. Ban taɓa ganin waya ta ci amanar mai ita irin ta ranar ba.

"Tashi ka ba mu wuri," in ji Sista.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a matsayina na waliyyi..."

"Waliyyi, akwai benci waje."

Na zauna a bencin kusa da wata mata mai goyo, wadda ta matsa mini cikin tausayi. Ina jiyo muryarki ta bayan ƙofa, ba na rarrabe kalmomin. Abin da ya girgiza ni shi ne tsawonta. Ban san kina da magana mai yawa haka ba. Daga baya, da izininki, Sista ta kira ni ta gaya mini kaɗan: cewa kin daɗe kina tsallake allurar rana a makaranta, domin babu inda za ki keɓe ki yi ta kuma ba kya so 'yan aji su gani, cewa da yamma sai ki ƙara a kan ta lokacin don ramuwa, jiki ya ɗauki rawa, gumi ya keto miki, ki daure ba ki faɗa wa kowa ba. Duk wannan na faruwa ni ina can ina rubuta "babu komai sai godiya."

A hanyar gida, kina bayana a kan babur, na ce, "Uwata, mi ya hana ki gaya min?"

Kika ce, "Baba, kullum kai kake riga ni cewa da sauƙi. Na ga in na ce wani abu, na ƙaryata ka."

Na yi jawabi a ɗaurin aure, na yi a wurin suna, na yi a taron manoma har sai da aka karɓe lasifika, amma ranar tuƙin babur kawai na yi har muka isa gida.

Ga fatawata a kai, kuma ban ba kowa damar ɗaukaka ƙara ba. "Da sauƙi" gaisuwa ce, ki raba ta ga maƙwabta da abokan karatu da mai keke. Amma faɗin ciwo ga mai magani ba butulci ne ga Allah ba, neman sauƙin ne ta ƙofar da Ya buɗe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In manhaja ta tambaye ki, ki amsa mata abin da ke akwai. Lamba mummuna ki shigar da ita da muninta, domin da ita ake gyara miki ma'aunin allura. Wadda aka yi wa kwalliya ba ta amfanar kowa sai mai kwalliyar. In kin tsallake allura ki faɗa, kada kuma ki sake ramuwa da kanki, wannan hisabin na likita ne. Babu wanda zai dake ki. Da ana dukan mutane a kan wannan, da ni aka fara.

Akwai wani kuskuren da ke rataye a jikin wannan. Na hana a gaya wa dangi, na ce sirrin gida ne, kada a riƙa nuna ki da baki. Kin tuna bikin ɗiyar kawunki a Gulma, da abinci ya yi jinkirin sauka alhali kin riga kin yi allura? Kika zube a tsakar gida, gumi sharkaf, magana na sarƙewa. Nan take mata suka yi ijma'i cewa iskar gulbi ce. Wata ta kawo garwashi da turare, wata ta fara tofi, gwaggonki Hassi na rungume da kanki tana hawaye. Da mahaifiyarki ba ta taso daga wurin tukwane ta jiƙa sukari ta ba ki ba tun kina iya haɗiya, da ban san wa zan rubuta wa yau ba. Bayan kin dawo hayyacinki Hassi ta tare ni a zaure ta ce, "Sahabi, ni za ka ɓoye wa? Ni da na goya ka?" Na fara tsara amsa, ta ce, "Rufe min baki, mai kan gwangwani." Na rufe.

Saboda haka kada ki zauna cikin mutanen da ba su sani ba. Gwaggonki ta sani yanzu, amma ba za ta bi ki aji ba. Ki zaɓi ƙawa ɗaya ko biyu masu hankali ki zaunar da su. Ki ce musu in sun ga kina rawa da gumi kina magana ba kan gado, su ba ki abu mai zaƙi muddin kina iya haɗiya. In kuwa kin fita hayyacinki, kada su ɗura miki komai, su nufi asibiti da ke. Kada jakarki ta rabu da dabino ko alewa. A cikin manhajar akwai wurin sa lambar wanda za a nema in abu ya faru. Ki sa ta Hassi, ki sa ta ƙawarki. Tawa ki sa ta a ƙarshe. Na rubuta wannan jimlar hannuna na ƙaiƙayi, amma na bar ta.

Zauren nan na waya da Sista ta sa ki, na matasa masu irin lalurarki wanda ma'aikaciyar jinya ke amsa tambaya a ciki, kada ki zama 'yar kallo a cikinsa. Can za ki sami wadda ta riga ki gano inda ake keɓewa a yi allura a makaranta, da yadda ake yi da tuwon shinkafa ba tare da an yi gaba da shi ba. Ni ban taɓa sanin waɗannan ba, domin ban taɓa zama budurwa mai ciwon sukari ba sai a rubuce. Amma ki rarrabe zaure da zaure. A namu na manoma aka turo muryar wani mai magani yana rantsuwa cewa tsiminsa na raba mutum da allura har abada. Na saurara, na gamsu, na sayo jarka guda na shigo da ita gida kamar wanda ya ci yaƙi. Mahaifiyarki ta karɓa, ta je ta shayar da darbejiyar ƙofar gida. Bishiyar har yau ba ta da ciwon sukari, wannan shaidar kam na ba shi. Allurarki ba a ajiye ta don muryar kowa, ko da zazzaɓi ya hana ki cin abinci. A irin wannan ranar ma ya fi kamata ki nemi asibiti ta waya. Batun azumi kuma ki kai shi gaban likita tun watan bai kama ba, kada ki yanke shi ke kaɗai don kunyar idon mutane.

Kada ki ɗauki wayar fiye da matsayinta. Ke 'yar Argungu ce, kin ga masunta bisa gora. Gora na riƙe mutum a kan ruwa, amma bai taɓa kama wa kowa kifi ba, kuma ranar da ya fashe sai wanda ya iya iyo. Caji zai ƙare, sabis zai ɗauke, data za ta yanke ana tsakar magana. Lokutan allurarki da ma'auninta su zauna a kanki. Ita kuma allurar ki nema mata wuri mai sanyi kamar yadda muke yi mata a gindin randa, kada rana ta dafa ta, kada ƙanƙara ta daskarar da ita.

Kin san tun bayan ranar benci na sayo miki wayarki, Sista ta mayar da komai kan lambarki. Abin da ba ki sani ba shi ne halin da na shiga. Washegari ina fadama, tawa ta yi tsit. Na ciro ta, na girgiza, na ɗaga ta sama wajen gabas. Da abin ya ci tura na kai ta kasuwa wurin Emeka mai gyara, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya buɗe, ya duba, ya hura, ya miƙo mini ya ce, "Malam Sahabi, wayarka lahiya lau take. Ba mai nemanka ne kawai." Na biya shi kuɗin wannan cin mutuncin na dawo gida. Amma tun daga lokacin lambobin da ke shiga naki ne, masu kyau da munana, kuma Sista ta ce sai yanzu ta san wadda take dubawa.

Saura Talata. Ba zan zo ba. Na damƙa wa mahaifiyarki makullin babur, na kuma ba ta izini a rubuce ta ƙi ba ni ko da na yi mata balaga da fasaha. Ki tashi da wuri, ki karya, ki ɗauki katinki da mitarki da wayarki cike da caji. Tambayoyin da ke ranki ki rubuta su a wayar tun a gida, domin gaban likita kan sa mutum mantuwa. In layi ya yi tsawo ki jira. In an ɗaga ranar ki koma. In kin rasa ƙofa ki tambaya. A sashen manya ba a bin mutum gida, shi ke bin lafiyarsa, kuma na san ki, abin da kika sa gaba ba kya sakinsa. Daga wajen uwata kika gado wannan, ba suna kaɗai ba.

In kin zauna, likita zai ɗago ya ce, "Yaya jiki?" Na san abin da zai fara fitowa, domin jinin Kabawa ba ya canzuwa a mako guda. Ki ce "da sauƙi," ba laifi, gaisuwa ce. Sannan ki ja numfashi ki ce, "amma." Abin da zai biyo bayan wannan kalmar shi ne dalilin zuwanki.

Ni kuma da la'asar zan kira ki in yi miki tambayar nan. In na yi ta zan ja bakina in yi shiru, aikin da ban taɓa ɗaukar mai wuyarsa ba tun da aka haife ni. Komai daɗewar shirun zan jira. Wannan karon ke za ki riga ni.

Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo da ke lafiya. Ya buɗe miki baki a inda magana ke da amfani, Ya haɗa ki da likita mai saurare da ƙawaye masu amana. Ya tsare jininki da idonki da ƙafarki, Ya sa karatun da kika fita nema ya zama mai albarka. Ki gaishe mini da Hassi, ki ce mata mai kan gwangwani ya fara hankali. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Ɗanki kuma mahaifinki,
Sahabi, Kakaki mai murabus.